Kundin aikin auna dogon tsalle da kyamarar waya

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Manufar aikin nan ita ce a ga ko bidiyon waya da awon gaɓoɓi a kwamfuta za su gyara dogon tsallen yaranmu kafin azumi. Makarantar maza ce ta kwana a ƙauye, a yankin Ringim. An zaɓi yara 14, 'yan shekara 14 zuwa 16, kowa da lambarsa daga 1 zuwa 14, kuma da lambar kawai za a ambace shi a nan.

A manyan ɗakunan bincike ana wannan aiki da kyamarori masu yawa, irin na kamfanin Vicon na Ingila, waɗanda ke bin 'yan ƙwallaye masu sheƙi da aka manna a jikin ɗan wasa. Wannan ya fi ƙarfinmu. Amma asalin dabarar ba mai tsada ba ce. Tun a shekarun 1880 Etienne-Jules Marey a Faransa yake sa wa mutum baƙaƙen kaya masu fararen layuka a hannu da ƙafa, ya ɗauki hotuna a jere, ya auna motsin. Abin da za mu yi ke nan, sai dai da waya da filasta.

Kayan da ke hannu: wayoyi biyu masu ɗaukar bidiyon tafiyar hawainiya, tsohuwar laftof ɗaya, da manhajar Kinovea ta auna motsi a bidiyo, wadda kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet da zarar an sauke ta. An duba OpenCap ta Jami'ar Stanford, amma tana buƙatar na'urorin Apple guda biyu da intanet mai ƙarfi don tura bidiyo, saboda haka an ajiye ta.

Shugaban makaranta ya amince bisa sharaɗi uku: a sanar da iyaye, kada bidiyon yaro ko ɗaya ya hau Facebook ko TikTok, kuma a goge na duk wanda ya fita daga aikin.

Alhamis, 16 ga Janairu

An gama rami. Faɗi mita 2.75, tsawo mita 7, zurfi santimita 40. Yashin rafi ya ci amalanke 16, kuma sai da aka tankaɗe shi da wayar raga saboda tsakuwa da ɓaraguzan kwalba. Katakon tashi: tsawo mita 1.22, faɗi santimita 20, an shafa masa farin fenti, an binne shi daidai da fuskar ƙasa, mita 1.5 kafin bakin rami. Dokar gasa ta ce daga katako zuwa ƙarshen rami a samu aƙalla mita 10. Namu 8.5 ne. Ya ishi yaran da ba su kai mita 5.5 ba, amma ba za a yi gasar hukuma a kansa ba sai an ƙara.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: yashi N40,000, masu haƙa N18,000, katako da fenti N9,500, mazaunin kyamara mai ƙafa uku guda biyu daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano N32,000, tef ɗin awo mai mita 30 N8,500, filasta da farar ƙasa N6,000, sandar ma'auni wurin mai walda N4,000. Jimla N118,000.

Asabar, 18 ga Janairu

Ranar gwajin kyamara ce, babu tsalle.

Kafin a yarda da kowace waya sai an tabbatar hoto nawa take ɗauka a daƙiƙa ɗaya, domin duk lissafin gudu a kansa ya rataya. Gwajin mai sauƙi ne. A saki dutse daga tsayin mita 2 daidai, a ƙirga hotuna daga sakinsa zuwa taɓa ƙasa. Faɗuwar mita 2 tana ɗaukar kusan daƙiƙa 0.64, wato hoto 153 idan wayar na ɗaukar 240, ko 77 idan 120 take ɗauka. An maimaita sau biyar a kowace waya.

Ta farko ta ba da 152 zuwa 154. Lafiya lau. Ta biyu ita ma ta ba da adadi kusan haka, amma da aka bi hoto ɗaya-ɗaya sai aka ga dutsen yana fitowa sarai a wani hoton, a na gaba kuma ya zama kamar inuwa biyu a haɗe. Wato 120 take ɗauka da gaske, sauran hotunan ƙirƙirarsu take yi ta cusa a tsakani. Ga mai kallo babu laifi, ga mai awo kuwa rabin hotunan ƙarya ne. An mayar da ita kan 120, za ta riƙa ɗaukar sauka a yashi inda ba a buƙatar lokaci sosai. Ta farko ce za ta tsaya a katako.

Dalilin nacewa kan 240: ƙafar yaro ba ta wuce daƙiƙa 0.13 zuwa 0.16 a kan katako. Bidiyon yau da kullum mai hoto 30 zai ba da hoto huɗu ko biyar kacal a wannan lokacin, kuma da wuya ɗaya ya faɗo daidai kan taɓawar farko. Mai 240 yana ba da sama da talatin.

Wani tarko kuma: fayil ɗin tafiyar hawainiya yakan zo wa kwamfuta a matsayin mai hoto 30. Dole a shiga saitin lokaci na Kinovea a rubuta mata cewa da 240 aka ɗauka, in ba haka ba kowane lokaci zai ninka sau takwas.

Talata, 21 ga Janairu

An tsayar da wurin kyamara. Mita 7 daga tsakiyar hanyar gudu, tsayi mita 1, tana kallon hanyar ta gefe sak, ba a karkace ba. A wannan nisa hoton yana cin kusan mita 8, wato taku uku na ƙarshe da katako da farkon rami. An daidaita ta da lebur ɗin magina, an rataya zare mai dutse a cikin hoton don a san ainihin tsaye. An kafa turaku uku a inda ƙafafun mazaunin ke zama don kullum a koma wuri ɗaya.

Ba a juya kyamara a bi mai gudu. Da ta motsa, ma'auni ya lalace.

Sandar ma'auni mita 2 ce, da fenti baƙi da fari kowane rabin mita. Ana kwantar da ita a tsakiyar hanya kafin a fara, a ɗauke ta daƙiƙa biyu, a cire.

Laraba, 22 ga Janairu

Awon farko. Kowane yaro tsalle shida, yadda ya saba, ba a gyara wa kowa komai ba. An manna filasta fari a kafaɗa, kan ƙashin cinya ta gefe, gefen gwiwa, idon sawu, da kan ɗan yatsa a jikin takalmi, duk a ɓangaren da ke kallon kyamara.

Kusan rabin aikin ya tafi a banza, kuma dalilan uku ne.

Na farko wando. Yara tara sun zo da dogon wando mai faɗi ko gajere mai sauka ƙasan gwiwa. Filastar da ke jikin yadi tana yawo santimita biyar ko fiye daga gaɓar, saboda haka kusurwar gwiwa da aka samu ta wandon ce, ba ta ƙafar ba. Na biyu haske. An fara da ƙarfe bakwai na safe cikin hazo, wayar ta tsawaita buɗe idonta don ta samu haske, ƙafa ta fito a shafe. Lissafin a fili yake: ƙafar mai gudu tana iya kai mita 14 a daƙiƙa lokacin da take wucewa gaba. Idan idon kyamara ya buɗe na kashi ɗaya cikin 240 na daƙiƙa, ƙafar ta yi tafiyar santimita 6 a cikin hoto ɗaya. Idan kashi ɗaya cikin 1,000 ne, santimita ɗaya da rabi ma ba ta kai ba. Rana mai ƙarfi ce ke tilasta wa wayar gajarta buɗewar. Na uku, busasshiyar fatar hunturu da man da yara ke shafawa: filasta ba ta kama, tana faɗuwa tun a tsalle na biyu.

Abin da ya tsira shi ne awon tef. Matsakaicin tsalle mafi kyau na kowa, daga bakin katako: mita 4.21. Mafi nisa na 6 ne, 4.88. Cikin tsalle 84, guda 23 sun taka layi, wato ƙafa ta wuce bakin katako.

Asabar, 25 ga Janairu

Tela ya kawo gajerun wanduna baƙaƙe masu kama jiki guda 14, N28,000. Suna sauka daidai saman gwiwa, yadda gaɓar ke bayyana kuma babu wanda ya ji kunyar sa su. Kafin manna filasta ana goge wurin da tsumma mai ɗan sabulu a bari ya bushe. An mayar da ɗauka zuwa ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan la'asar, rana tana bayan kyamara.

Litinin, 27 ga Janairu

An sake awon farko, wannan karon hotuna sun fito.

Bin alama biyar da hannu a tsalle ɗaya ya ci minti 12. Tsalle 84 zai ci kusan awa 17, abin da ba mai yiwuwa ba ne ga malamin da ke da aji. Kinovea tana iya bin alama da kanta, kuma ta yi kyau a kafaɗa da cinya, amma tana ɓatar da ta idon sawu duk lokacin da ɗaya ƙafar ta gitta ko ƙura ta tashi. An yanke shawarar rage awo zuwa abu huɗu, a tsalle biyu mafi kyau na kowane yaro: tazarar yatsa da bakin katako, tsawon taku biyu na ƙarshe, saurin gudu a mita biyar na ƙarshe, da karkatar gangar jiki lokacin da ƙafa ta sauka a katako. Wannan minti huɗu ne a tsalle ɗaya.

An kuma gwada mu masu awon kanmu. Malamai biyu sun auna hotuna goma iri ɗaya, kowa shi kaɗai. A tsawo bambancin bai wuce santimita 2 ba. A kusurwa ya kai digiri 3, wani lokaci 4. Saboda haka ƙa'idar kundin nan ita ce: duk canjin kusurwa da bai kai digiri 5 ba, ba za a kira shi ci gaba ba. Wannan ƙa'ida za ta hana mu yaudarar kanmu da yaran.

Alhamis, 30 ga Janairu

Sakamakon awon farko ya fito, kuma ba abin da ake zato ba ne. Kowa a filin ya ɗauka matsalar yaran ita ce ba sa tashi sama. Bidiyo ya nuna ɓarnar tana faruwa tun kafin su iso katako.

Yara 11 cikin 14 suna rage gudu a taku uku na ƙarshe. Na 3, alal misali, yana shigowa hoton da mita 7.6 a daƙiƙa, ya isa katako da 6.8. Kansa a sunkuye yana neman katakon, sai ya daddatse taku ko ya miƙa na ƙarshe ya yi tsawo. Wanda ya miƙa, ƙafarsa tana sauka can gaban jikinsa da diddige, gangar jiki ta koma baya da digiri 12 zuwa 18, ƙafar ta zama birki. A tsalle mai kyau takun kusa da na ƙarshe ne ke ɗan fin tsawo, ƙugu ya ɗan yi ƙasa, na ƙarshe kuma ya gajarta ya yi sauri. Yara takwas akasin haka suke yi.

Asarar katako ita ma babba ce. Matsakaicin tazarar da suke bari tsakanin yatsa da bakin katako santimita 31 ce. Tunda daga bakin katako ake awo, wannan tsalle ne da yaro ya riga ya yi amma ba a rubuta masa ba.

Tushen duka biyun ɗaya ne: babu yaron da ke da wurin farawa tsayayye. Kowa yana komawa baya iya yadda ya ga dama, wasu har mita 40, su iso a gajiye. Manyan 'yan wasa ma suna gyara takunsu da ido a 'yan takun ƙarshe, amma gyaran nasu ƙarami ne saboda farkon gudun iri ɗaya ne kullum.

Shirin mako biyu masu zuwa: gudu kawai. Kowa taku 14, daga tsaye, ƙafa ɗaya a gaba kullum.

Talata, 4 ga Fabrairu

An nemo wa kowa wurin farawarsa. Yaro yana gudu daga katako zuwa baya, taku 14, sau biyar, a kan hanyar da aka share aka barbaɗa wa toka don sawu ya fito. Ana ɗaukar tsakiyar inda taku na 14 ya faɗa, a auna da tef, a rubuta. Tazarar ta kama daga mita 21.4 zuwa 25.1. Kowa ya samu turkensa mai lambarsa. An ƙara alama ta biyu a taku shida kafin katako, wadda malami ke dubawa, ba yaro ba.

A wannan aikin toka ta fi kyamara amfani. Nan take ake ganin sawu, ba sai an jira kwamfuta ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mako guda na awon tsawon taku ya lalace, kuma sai jiya aka gano.

Alamar farko ita ce lambobin na 9 da na 12. Bidiyo ya ce takunsu ya ƙaru da santimita 8 zuwa 10 cikin kwana huɗu, sawun toka kuma ya ce bai canja ba. Da aka bincika, abu biyu ne suka haɗu. Tsakiyar hanyar ta yi laushi saboda yawan taka ta, yaran suka koma gudu ta gefen da ke kusa da kyamara. Shi kuma mai kwantar da sandar ma'auni yana ajiye ta a tsakiya kamar yadda aka saba. Abin da ya matso kusa da kyamara yakan fito da girma. A nisan mita 7, matsowar santimita 30 tana ƙara kusan kashi 4 cikin 100, wato santimita 8 a takun mita 1.9. Ga shi nan daidai abin da aka gani.

Da kyamarar tana da gilashin jawo nesa na gaske, da an ja da baya zuwa mita 15 ko 20, kuskuren ya ragu da fiye da rabi. Jawowar wayar nan yanka hoton kawai take yi, ba ta ƙara komai. An gwada mita 12, yaron ya fito ƙarami, filasta ta koma ɗigo uku ko huɗu, an ga asarar ta fi ribar.

Gyara: an zuba jar ƙasa a tsakiyar hanya, an yayyafa ruwa an daɓe. An ja layi biyu na farar ƙasa, tsakaninsu santimita 60, a mita goma na ƙarshe. Duk tsallen da ƙafa ta fita daga layin ba a auna takunsa a bidiyo. Kuma daga yau kowace rana ana gwada taku uku da tef a kan sawu, a kwatanta da na kwamfuta kafin a yarda da sauran. An soke awon ranakun 3 zuwa 7 ga wata.

Na saurin gudu ma abin ya shafe su, tunda daga tsawo ake fitar da sauri. Su ma an soke.

Talata, 11 ga Fabrairu

Waya ta yi zafi ta daina ɗauka bayan minti 25 a rana. An sayo lema, N5,000, an cire wa wayar riga, ana kashe fuskarta tsakanin tsalle. Ƙura tana kwanciya a gilashi, ana gogewa bayan kowane yaro biyar.

Wurin ajiya ya cika. Bidiyon daƙiƙa goma yana kai megabayit 80, rana ɗaya kusan gigabayit 7. An sayo ma'adanar waje N35,000. Ana kwashewa da igiyar caji kai tsaye. An gwada turawa ta WhatsApp sau ɗaya, ya matse bidiyon har filasta ta ɓace.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Batun yadda ake nuna wa yara bidiyon, wanda shi ne ainihin koyarwar.

A makon farko na gyara ana nuna wa yaro kansa bayan kowane gudu, da layuka da lambobin kusurwa a jikin hoton. Hakan bai haifar da ɗa mai ido ba. Yaran suka fara gudu a sandare, kowa yana tunanin gwiwarsa da bayansa. Na 3 ya ce, "Malam, in na tuna da digirin nan sai in manta ƙafar da zan taka da ita." Gaskiyarsa. Layin yaran kuma yana tsayawa, jiki ya huce, wanda zai yi gudu takwas ya ƙare da huɗu.

An canja tsari. Lambobi na malami ne, a littafinsa suke tsayawa. Yaro yana ganin bidiyonsa sau biyu kawai a rana, ɗaya bayan gwaji na uku, ɗaya a ƙarshe, ba layi ba lamba. Kafin a nuna masa sai an tambaye shi abin da ya ji a jikinsa, ya rage gudu ko bai rage ba, sannan ya gani da idonsa. Kuma gyara ɗaya tak ake ba kowa har sai ya zauna. Kalmomin da suka yi aiki su ne waɗanda ke kai hankalin yaro waje da jikinsa. "Miƙe bayanka" ba ta yi komai ba. "Kalli reshen darbejiyar can" ta ɗaga kai ta daidaita gangar jiki lokaci guda. "Gajarta takun ƙarshe" ta rikita su. Tafi da hannu, ta-tam, mai sauri a biyun ƙarshe, ta ba su abin da ake nema.

Abin da ya fi tasiri a bidiyo shi ne jera hoto biyu gefe da gefe, wanda Kinovea ke yi: tsallen yaro mai kyau da nasa marar kyau, an daidaita su a kan lokacin taɓa katako. An gwada kwatanta su da bidiyon Ese Brume, wadda ta yi mita 7.17 a 2021, da na Chioma Ajunwa mai zinaren gasar Olympics ta Atlanta 1996 da mita 7.12. Sun kalla da sha'awa ƙwarai, kuma ya dace su san 'yan ƙasarsu ne, amma wajen gyara bai taimaka ba. Ƙarfi da saurin da ke bayan wancan motsin yaro ɗan 15 ba shi da su. Nasa hoton ne yake iya maimaitawa gobe.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na 7 da na 11 suna kukan ciwon ƙwauri, na 2 kuma diddige. Hanyar da aka daɓe ta yi tauri, takalmansu kuma na roba ne marasa kauri. An dakatar da su ukun mako guda, an tura na 2 asibitin garin a duba shi. Ga sauran an rage cikakken tsalle zuwa shida a rana, kwana biyu a mako, sauran ranakun gudu a kan ciyawar filin ƙwallo. Da an yi wannan iyaka tun farko. Son tara bidiyo da yawa ne ya sa aka bar su suna maimaitawa fiye da kima.

Yashi ya dunƙule ya ragu. An ƙara amalanke uku, N7,500. Kullum kafin a fara ana juya shi da shebur zurfin taƙi ɗaya, a yayyafa bokiti huɗu, a baje da manjagara.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An gwada manhajar MediaPipe ta Google a laftof, wadda ke gano wurare 33 a jikin mutum ba tare da filasta ba. Wani tsohon ɗalibi mai karatun kwamfuta ne ya saka ta. Idan aka ba ta hoton yadda yake, sau da yawa ba ta ma ganin yaron saboda ƙanƙantarsa, sai an yanko inda yake. Bayan an yanko, tana bin kafaɗa da ƙugu da kyau, karkatar gangar jiki da ta bayar bai fi digiri 4 tsakaninsa da awon hannu ba. A ƙafafu ne take faɗuwa. Daga gefe, duk lokacin da ƙafa ta gitta ƙafa tana iya musanya hagu da dama, kusurwar gwiwa ta yi tsalle da digiri 15 ko 20 tsakanin hoto biyu. A sama kuma, inda yaro ya naɗe jiki zai sauka, takan ɓace gaba ɗaya.

Hukunci: za a yi amfani da ita don gangar jiki kaɗai, tunda tana gama tsalle 28 kafin a gama biyu da hannu. Taku da katako suna nan a Kinovea.

An fara aikin tashi da sauka. An rataya gorar roba a jikin gora mai tsawo a kan rami, yaro ya zo da taku shida ya nemi taɓa ta da kai. Wajen sauka, wayar ta biyu ta nuna yara shida suna sauke ƙafa da wuri, huɗu kuma suna dafa hannu a baya. Tunda daga sawun da ya fi kusa da katako ake awo, dafawar na 10 tana cinye masa santimita 35. Maganarsa ɗaya ce: hannu biyu gaba, kamar mai miƙa tire.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Awon ƙarshe kafin azumi, yara 13, na 2 bai dawo ba. Don adalci an cire lambarsa daga awon farko ma, matsakaicin farko ya koma 4.23.

Matsakaici yanzu mita 4.58. Na 6 ya yi 5.21. Asarar katako ta sauka daga santimita 31 zuwa 14. Taka layi 11 cikin 78. Masu rage gudu sun ragu daga 11 zuwa 5, na 3 yana isa katako da 7.4. Karkatar baya ta ragu da fiye da digiri 5 a yara bakwai, sauran canjinsu bai kai ƙa'ida ba.

Daga ƙarin santimita 35 ɗin, 17 daga katako kawai suka fito, wani kaso kuma daga sauka. Wato rabin ribar turke da toka ne suka kawo ta, kyamara dai ita ta nuna inda za a kafa turken. Kusurwar tashi kusan ba ta motsa ba: daga digiri 13 zuwa 14 bisa alamar ƙugu, alhali manyan 'yan wasa suna tashi da kusan 20. Awon nan ma mai rauni ne, domin a hoto goma na farko ƙugu santimita 7 kawai yake hawa, kuskuren santimita ɗaya ya isa ya karkatar da shi da digiri 2. Hotuna sun nuna gwiwar tashi tana lanƙwashewa har digiri 120 a yawancinsu. Wannan rashin ƙarfin ƙafa ne, kuma kallon bidiyo ba ya magance shi. Ba a kuma ware wasu yara da aka horar ba tare da kyamara ba, saboda haka wani ɓangare na ci gaban na makonnin atisaye ne kawai.

Ƙarin kuɗi tun 16 ga Janairu: wanduna, lema, ma'adana, yashi, da filasta ta N3,000, N78,500. Jimlar aikin N196,500.

Cikin azumi babu tsalle. Bayan salla zafi zai yi tsanani, ɗauka za ta koma ƙarfe takwas na safe tunda hazo zai janye, kuma dole kyamara ta koma ɗaya gefen hanyar don rana ta kasance a bayanta, ke nan sabbin turaku da manna filasta a ɗaya ɓarin jiki. Mako shida na farko na ƙarfin ƙafa ne: tsugune-tashi, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗingishi a kan ciyawa, ɗauka sau ɗaya a mako biyu. Za a raba yara sababbi gida biyu, rabi da bidiyo rabi babu. Ana neman takalma masu kauri ga yara biyar, da buhunan siminti marasa komai don rufe ramin kafin awaki da iskar bazara su kwashe yashin.